Babi na Shida: Rashin da Ba a Zuwa wa Gaisuwa

Idan aka yi rasuwa a Sabo ta Ibadan, ba a barin mai rashi shi kaɗai. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, maƙwabta sun ɗora tukwane. Kwana uku ana zaman makoki, masu gaisuwa suna shigowa da "ya muka ji da haƙuri", a yi addu'a a shafa, wasu gidajen kuma su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Duk saɓanin da malamai suke da shi a kan wasu daga cikin waɗannan al'adu, amfaninsu ɗaya ba ya ɓoyuwa: suna ba baƙin ciki wurin zama, da lokacinsa, da shaidunsa. Har cin abincin mai makoki yana hannun jama'a, domin akwai mai kawo masa kwano a kan lokaci, akwai mai lallashinsa ya sa wani abu a ciki. Amma akwai rashin da ba a shimfiɗa wa tabarma. Kyanwar da ta shekara goma tana kwana a ɗakin wata dattijuwa ta ci gubar ɓera ta mutu. Cuta ta faɗa ɗakin tattabarun wani saurayi ta kwashe su cikin mako guda. Tunkiyar da wani dattijo ya raina tun tana jaririya, wadda ya ƙi sayarwa ya ƙi yankawa, ta kumbura ta tafi. Idan an yi wa mai su kirki, a ce masa Allah ya mayar da alheri, a wuce. Idan ya nuna abin ya taɓa shi, a yi masa dariya. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne cewa irin wannan baƙin ciki da aka hana wa fitowa yakan nemi hanya ta ciki, musamman ga wanda ya sha wahala ya rage ƙiba bisa umarnin likita, kuma ƙibar da ta dawo masa bai kamata a karanta ta a matsayin kwaɗayi ko raunin hali ba.

Mai karatu zai iya tsayar da maganar tun daga nan, ya ce wannan damuwar Turawa ce. Bahaushe dabba dukiya ce a wurinsa, a saya, a kiwata, a sayar. Tarihin Sabo ma kamar yana goyon bayan haka. An kafa unguwar a 1916, kusa da Mokola, aka tara Hausawan garin a cikinta, kuma masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963 ya kuma fitar da littafinsa a kanta a 1969, ya nuna cewa rayuwarta ta ginu a kan fataucin shanu daga Arewa da na goro daga Kudu, ta hannun masu gida da dillalansu. Shanun ba sa daɗewa, saboda ƙudan tsando na kurmi da sammoren da yake sa musu. Dole a sayar a yanka da wuri. Wanda ya tashi a irin wannan sana'a ya koyi kada ya sa dabba a ransa. Sai dai wannan rabin labarin ne. Makiyayin da ya koro garken yana kiran shanunsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Yaran gidan da aka ɗaure ragon layya wata guda kafin Sallah sukan ƙi cin namansa ranar yanka, kuma kowace uwa ta san wannan. Masu kiwon tattabaru suna gane kowace tsuntsuwa daga yadda take juyi a sama. Kyanwa kuwa tana da matsayinta a gidan Musulmi tun daga hadisin da ya tsarkake sauran ruwan da ta sha, har zuwa sahabin da duniya ta fi sani da alkunyar da ya samo daga 'yar kyanwarsa, Abu Huraira. Shaƙuwar tana nan tun kaka da kakanni. Abin da babu shi ne izinin yin jimami idan ta yanke.

Wani masanin Amurka, Kenneth Doka, ya yi bayanin wannan a 1989: akwai baƙin cikin da jama'a ba su yarda mutum yana da haƙƙin yinsa ba, ko don ba su ɗauki alaƙar da muhimmanci ba, ko don ba su ɗauki rashin a matsayin rashi ba. Mutuwar dabbar gida tana cikin misalan da aka fi kawowa. Jiki kuwa bai jiran izinin jama'a. A 2017 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga labarin wata mata mai shekara 61 a jihar Texas da aka kai asibiti da alamun bugun zuciya bayan mutuwar ƙaramin karenta; da aka duba sai aka ga jijiyoyin zuciyarta ba su toshe ba, tsokar zuciyar ce ta raunana na ɗan lokaci saboda tsananin tashin hankali. Labari ɗaya ba ya zama doka, kuma irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya nuna cewa jijiyoyi da sinadaran jiki suna amsa wa rashin abin da aka shaƙu da shi, ko mutum ne ko dabba. Musulmin Sabo ma ba ya bukatar zuwa Texas ya ji haka. Anas bin Malik yana da ƙane, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya ga yaron cikin damuwa, ya tambayi dalili, ya kira shi da alkunyarsa cikin tausasawa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Malamin Shafi'iyya Ibnul Ƙass ya ciro fa'idoji kusan sittin daga wannan ɗan gajeren hadisi, kuma Ibnu Hajar ya kawo su a Fathul Bari. Wadda ta shafe mu a nan ita ce mafi bayyana: an lura da baƙin cikin, an ambaci abin da aka rasa, ba a kore shi da dariya ba.

To ta yaya rashin dabba yake komawa kilo a kan sikeli? Hanya ta farko ita ce wadda ba a cika lura da ita ba, wato rushewar tsarin yini. Dabba tana ɗora wa mai ita lokuta. Tattabaru a buɗe musu da sassafe, a zuba musu dawa, a sauya ruwa, a ƙirga su da almuru. Tunkiya a nemo mata harawa da dusa, a kewaya da ita. Kyanwa ta tashi mutum da kukanta, ta zauna kusa da shi bayan isha'i. Ga dattijuwar da 'ya'yanta suka watsu Legas da Kano, ko magidancin da iyalinsa suke Arewa shi yana nema a Kudu, waɗannan lokuta su ne ginshiƙan yini, kuma akwai motsa jiki a cikinsu wanda ba a lissafa shi. Ranar da dabbar ta tafi sai a sami sa'o'in da babu abin yi a cikinsu, hannu kuma ya nemi abin da zai kama. Hanya ta biyu barci ne. Mai jimami barcinsa yakan yanke, kuma a 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa huɗu na dare biyu, suka ga sinadarin leftin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya wadatu, ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, sha'awar samarin kuma ta karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da na gari. Hanya ta uku ita ce damuwar kanta. Idan ta daɗe, sinadarin kotisol yakan zauna sama, kuma binciken Mary Dallman a kan ɓeraye a San Francisco, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa a wannan hali dabba tana neman maiƙo da sukari, kitsen yana taruwa a ciki, cin kuma yana ɗan kwantar da tashin hankalin ƙwaƙwalwa na lokaci kaɗan. Sauƙin gaskiya ne, shi ya sa ake komawa. Gajere ne, shi ya sa ake ta komawa.

Duk wannan ya fi tsanani ga wanda ya riga ya rage ƙiba. A nan ne ake yi wa mutane rashin adalci mafi girma, kuma su ma suna yi wa kansu. Jikin da ya zubar da kilo goma ba ya yarda cewa an gama. A 2011 likitoci a Melbourne ta Ostireliya sun buga sakamakon bin mutum 50 da aka sa wa tsattsauran tsarin abinci na mako goma. Sun rage kilo 13.5 a matsakaici. Bayan shekara guda an sake auna waɗanda suka ci gaba da binciken: kilo 5.5 ya dawo, girelin ɗinsu yana sama da yadda yake tun kafin a fara, leftin yana ƙasa, kuma sun fi jin yunwa. Wato mai ciwon sugan da aka yi wa gargaɗi a asibitin koyarwa na UCH, ya bar lemun kwalba, ya rage tuwon dare, teɓarsa ta sauka, yana rayuwa ne da yunwar da yake dannewa kullum da ƙarfin niyya. Ƙarfin niyya kuwa yana bukatar hankali a kwance. Tun 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka gano wani abu mai ban tausayi game da masu takura wa kansu a abinci: idan aka sa su suka karya dokarsu sau ɗaya da madara mai zaƙi, sai su ci askirim fiye da wanda ba a karya wa ba, alhali waɗanda ba sa takura wa kansu ragewa suke yi bayan sun sha. Mutum ya ce a ransa, tunda yau ta ɓaci, bari ta ƙarasa ɓaci. Gobe kunya ta zo, kunyar ta haɗu da jimamin da ba shi da wanda zai gaya wa, daren ya sake tura shi inda ya je jiya.

Kuma a Sabo ba a wahalar samun inda za a je. Unguwa ce da ba ta yin barci da wuri, wadda duk Ibadan ta sani da tsire da balangu da kilishi. Mai shayi yana nan da burodi da ƙwai da taliyar Indomie har tsakar dare, da safe ga waina da ƙosai da fanke, ƙetaren titi kuma ga amala da miyar ewedu. Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a unguwar. Tun zamanin Cohen matan kulle suna dafawa yara suna talla, baƙi da fatake suna saye. Babu laifi a cikin ko ɗaya daga waɗannan, kuma masu sana'ar halal ɗinsu suke nema. Abin lura shi ne yanayin cin: a ƙunshe a takarda, a kai ɗaki, a ci a kaɗaice, a lokacin da a da ake zaune da dabbar. Mutanen Ibadan sun san halin kogin Ogunpa tun ambaliyar 1980: idan aka toshe wa ruwa magudanarsa ba ya komawa sama, ta cikin gidaje yake bi.

Akwai ƙalubale mai nauyi da ya kamata a saurara, domin daga masana yake fitowa. Ai baƙin ciki kashe sha'awar abinci yake yi. Wanda aka yi wa rasuwa ramewa yake, shi ya sa ake lallashinsa ya ci. Haka ne ga mutane da yawa, musamman a kwanakin farko. Catharine Evers da abokan aikinta a Jami'ar Utrecht sun tattara gwaje-gwaje 56 a 2018, kuma ba su ga cewa ɓacin rai yana sa kowa da kowa ƙarin ci ba. Har waɗanda suke kiran kansu masu ci saboda damuwa ba su nuna hakan a fili a ɗakin gwaji ba. Wannan ya isa ya hana mu ɗora wa baƙin ciki kowace ƙiba. Amma a cikin wannan tarin bincike akwai rukuni ɗaya da cinsu yake ƙaruwa idan ransu ya ɓaci: masu takura wa kansu don rage nauyi. Ƙalubalen bai rushe maganar ba, ya dai nuna wa wa take nufi. Dattijuwar da ba ta taɓa lissafa abin da take ci ba tana iya ramewa bayan mutuwar kyanwarta, ita ma tana bukatar a sa mata ido. Maƙwabciyarta da ta shekara tana kokawa da tuwo saboda hawan jini ita ce za ta fi saurin ganin zanenta ya matse.

Wani kuma zai kawo hujja daga addini ta ɗaya ɓangaren, ya ce ai Musulunci da kansa ya sanya abinci maganin baƙin ciki. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wato kunun garin sha'ir, idan aka yi rasuwa a danginta, bisa abin da ta ji daga Manzon Allah (SAW) cewa tana sanyaya zuciya tana rage ɓacin rai. Da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso Madina daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, an umarci mutane su dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Duk gaskiya ne, amma a duba siffar wannan ciyarwa. Wani ne yake dafawa, wani ne yake kawowa, abu ne mai sauƙi a ciki, a cikin dangi ake sha, kuma an ambaci dalilinsa. Ina ganin rabin maganin yana cikin hannun da ya miƙo kwanon. Gwajin da aka yi a Jami'ar Minnesota a 2014 yana ƙarfafa wannan fahimta: an nuna wa mutane hotunan bidiyo masu tayar da hankali, sannan aka ba wasu abincin da suka ce shi ke sanyaya musu rai, wasu aka ba su wani abincin, wasu ba a ba su komai ba, kuma ran kowa ya sauko daidai gwargwado cikin lokaci ɗaya. Abinci shi kaɗai, babu mutum a tare da shi, bai yi abin da ake zaton yana yi ba. Hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, bai ci karo da talbina ba, domin talbina ba ta taɓa zama cika ciki har wuya a ɓoye ba.

Saura maganar da ta fi ciwo: a wannan zamani na tsadar rayuwa, da mudun shinkafa ya gagari magidanta, wa ke da lokacin kukan kyanwa da lissafin teɓa? Ai ƙiba hutu ce, wanda ya yi ta sai a ce masa ya murmure. Yunwa gaskiya ce kuma ita ce gaba. Sai dai yunwa da ƙiba suna zaune a unguwa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, domin abin da ya fi arha wajen cika ciki shi ne gari da mai da sukari. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane. Ibadan kanta ta ba duniya darasi a kan wannan. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa, cikinsu har da Babatunde Osotimehin na Jami'ar Ibadan wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun kwatanta baƙar fata a nahiyoyi daban-daban, suka sami hawan jini a kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka, kuma nauyin jiki da yawan cin gishiri suna cikin manyan abubuwan da suka bayyana bambancin. Talaka ne ya fi kowa asara idan kilon da ya zubar ya dawo, domin shi ne ba ya iya sayen maganin suga kowane wata, shi ne kwanciya a asibiti take cinye wa jari. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna cewa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi tare da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari ga waɗanda suke gab da kamuwa. Kilo biyar ko shida ke nan ga mai kilo tamanin. Wannan ɗan abin shi ne watanni biyu na cin dare suke iya sharewa.

Masu cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce, ba su yi kuskure ba, amma sau da yawa suna faɗar ta ne don rufe zancen. Malamai sun bambance tsakanin ɓacin zuciya da hawaye, waɗanda ba a hana ba, da kururuwa da fushi da hukuncin Allah, waɗanda aka hana. Wanda ya ce ina kewar dabbata bai fita daga haƙuri ba. Wanda aka sa ya haɗiye maganar, ya je ya danne ta da tsiren dubu biyu da lemo mai sanyi, haƙurinsa bai ƙaru da komai ba, sugansa ne ya hau.

Abin da ya rage a hannun iyali da maƙwabta bai kai zaman makoki ba, kuma babu mai neman a yi wa dabba sadakar uku. Ya isa ɗa ya ce, "Hajiya, na ji kyanwar nan ta mutu, sannu, na san kin saba da ita," ya zauna ya saurari labarinta ko da ya taɓa ji. Ya isa aboki ya ja mai tattabaru zuwa cin tuwo a kwano ɗaya, domin wanda yake ci cikin mutane yana da lokacin farawa da na tsame hannu. Lokutan da dabbar ta bari a cike su da wani abu mai motsi: tafiya bayan sallar asuba zuwa wajen filin wasa na Adamasingba da dawowa, ko rakiyar jikoki makarantar allo. Saurin kawo wata dabbar ba koyaushe yake taimakawa ba. A bar mai rashin ya faɗi lokacin da ya shirya, idan kuma cuta ce ta kashe ta farko, a nemi likitan dabbobi ya ce ko wurin ya tsarkaka, ga asibitin koyar da likitancin dabbobi na Jami'ar Ibadan a garin. Shi kuma mai rage ƙiba, mafi hatsarin abin da zai yi shi ne ya rama cin dare da horon yunwa da rana, domin wannan ne ke ɗaure zagayen. Abinci uku a kan lokaci sun fi masa, kuma mai shan maganin suga kada ya tsallake abinci ba da sanin likitansa ba. Kada kunyar sikeli ta hana shi komawa asibiti ranar da aka ba shi, kuma idan ya je ya faɗi abin da ya faru yadda yake, har da mutuwar dabbar. Idan kuwa makonni biyu suka wuce barci bai dawo ba, babu abin da ke yi masa daɗi, sana'a ta tsaya, ko ya fara jin rayuwar ta ishe shi, to abin ya wuce jimami ya shiga ciwon damuwa, wanda yake da magani, kuma UCH tana da sashen da ke duba shi.